Sabon Kamshaf a Tsohuwar Motar Goggo

Na daɗe ina shakkar ko akwai hikima a ci gaba da jinyar tsohuwar mota. A ƙasar da na yi karatu, mota irin ta goggona da tuni an kai ta inda ake matse ƙarafa an narkar. Da na dawo na tarar da ita a ƙofar gida, fentinta ya koɗe daga shuɗi zuwa wani launi marar suna, sai na ɗauka sabo ne kawai ya hana a rabu da ita. Da aka ce min kuma an sa mata sabon kamshaf, wani ƙarfe na cikin inji, wanda ba na kamfanin da ya ƙera ta ba, shakkata ta ƙaru. Motar tana da kwamfuta irin ta farko-farko, wani ɗan akwati a ƙarƙashin kujerar gaba, wanda makanikai ke ce wa ƙwaƙwalwa. Ban ga yadda tsohuwar ƙwaƙwalwa za ta yi zaman lafiya da baƙon ƙarfe ba. Har yau ban ce shakkar ta tafi gaba ɗaya ba. Amma na ga yadda Goggo ta bi da lamarin da idona.

Goggo ƙanwar babana ce. Ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koyar da 'yan aji ɗaya a firamare, da ta yi ritaya kuma ta koma koya wa mata tuƙi. A unguwa Malama A-Hankali ake ce mata, don kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan. Ita kanta a hannun mijinta ta koya, kuma ta ce ba ta taɓa sanin mutumin kirki zai iya zama dodo ba sai da ta riƙe sitiyari yana zaune a gefenta. Tun ranar da ta karɓi lasisi ta yanke masa hukunci: kujerar baya, baki a rufe. Ta kuma ɗaukar wa kanta alkawarin ba za ta taɓa ɗaga wa 'yar koyo murya ba.

Tana da nata salon koyarwa, wanda ta kwaso daga aji. Yaro ba ya koyon riƙe fensir da rubuta harafi a rana guda, in ji ta. Saboda haka ranar farko ɗaliba za ta cire takalmi, ta ajiye ƙafar dama a ƙasa, ta manta da akwai wani abu wai shi totur. Ƙafar hagu kaɗai ke aiki: a taka kuloci, a sa giya ta ɗaya, a ɗaga a hankali. Motar da kanta za ta fara rarrafe a filin ajiye motoci na wani rumbun kaya da aka rufe, Goggo kuma hannunta na kan birkin hannu. Macen da ta shigo jikinta na rawa, in ta ga mota ta motsa ba ta zabura ba, ba ta kuma mutu ba, rabin tsoronta ya tafi. Duk sunan da Goggo ta yi a kan wannan ya tsaya. Ita cewa take yi motar haƙuri gare ta. Abin da ke faruwa a ciki shi ne injin yana da silo mai kyau, wato yana juyawa lumus ko ba a taɓa totur ba, kuma da zarar kuloci ya fara kamawa ƙwaƙwalwar takan ji nauyin ta ƙara masa ɗan numfashi.

Kafin in dawo injin ya fara wani ƙas-ƙas, yana tsallake bugu. Makanikenta, wanda kowa ke kira Baƙin Mai saboda rigarsa, ya buɗe saman injin ya nuna mata. Kamshaf wata sandar ƙarfe ce mai tozaye a jere. In tana juyawa, tozayen ne ke tura bawul su buɗe, iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. Ɗaya daga cikin tozayen ya cinye ya zama sumul. Na asali kuwa an daina yin sa.

Goggo ba ta aika kowa ba, da ƙafarta ta je wajen mai sayar da kayan mota. Ya fito mata da iri-iri, ya nuna wani mai manyan tozaye ya ce wannan yana ƙara wa inji ƙarfi. Bai yi mata ƙarya ba. Ita kuma ta yi lissafinta irin na mai koyarwa: inji mai ƙarfi zai fi wuyar mutuwa a ƙafar 'yar koyo. Baƙin Mai bai taɓa ɗaura irinsa ba, kuma ya daɗe yana ɗokin jin ƙararsa, don haka bai ja da ita ba.

Washegarin isowata Goggo ta ce, "Ke 'Yar Ƙanƙara, shigo in nuna miki abin da ba ku da shi a can." Sunan da ta laƙaba min ke nan tun da na aiko da hotona cikin rigar sanyi.

A cikin gari motar sai jijjiga take yi. In muka tsaya a danja, injin ya dinga gum-gurum, gum-gurum kamar mai shirin tari, warin fetur na shigowa ta taga. Wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari. Na lura birkin ma sai Goggo ta danna da ƙarfi.

"Sabon ƙarfe ne," in ji ta. "Zai zauna."

Da muka hau babban titi na bayan gari ta taka totur, sai motar ta zama wata daban. Ta miƙe, ƙarar ta daidaita, bishiyoyi suka fara wucewa da gudu. Ɗankwalin Goggo ya zame baya ba ta ko kula ba. Dariya take yi, baki har kunne, irin dariyar da ban taɓa ji daga gare ta ba.

"Goggo, ke ce fa A-Hankali!"

"Ga 'yan koyo! Ni na gama koyo tun kina goye!"

A makon ne Mai Ɗinki ta zo. Mace ce da ta manyanta, tana da shago a bakin layinmu. Ciwon suga ya taɓa idon mijinta har ya daina gani sosai, kuma dole a riƙa kai shi asibiti akai-akai. Motarsu na nan a rufe da tamfol, ita kuma kullum cikin roƙon maƙwabta. Ta taɓa gwada wata makarantar tuƙi. Malamin ya daka mata tsawa a tsakiyar titi, ta buɗe ƙofa ta fita ta taka zuwa gida. Goggo ce gwajinta na ƙarshe, ita da bakinta ta faɗa. Ta yarda in zauna a baya, wai ko ba komai za a sami mai shaida.

Ta cire takalmi, ta taka kuloci, ta sa giya.

"Ɗaga a hankali," in ji Goggo.

Ta ɗaga a hankali, fiye ma da yadda aka ce. Motar ta yi wata girgiza ta mutu. Aka sake tayarwa, ta sake mutuwa. Haka aka yi ta yi har gumi ya jiƙa wuyan rigarta.

"Malama, ni ce. Na gaya miki ƙafar nan tawa keken ɗinki kaɗai ta sani."

"Ba ke ba ce, 'yar'uwa."

"Haka kuke cewa duka kafin ku fara tsawa."

Goggo ta ce su yi musayar kujera. Ta ajiye tata ƙafar damar a ƙasa, ta ɗaga kuloci yadda ta saba ɗagawa shekara da shekaru. Motar ta mutu a hannunta ita ma. Ta sake gwadawa, sai da ta ɗan taɓa totur sannan ta motsa, da zabura kuwa.

"Kin gani? Motar ce ba ta da lafiya. Ki ba ni lokaci in yi mata magani."

Mai Ɗinki tana sa takalminta ta ce, "Zan dawo sau ɗaya, saboda girmanki. In ta mutu a hannuna, na haƙura da tuƙi. Maƙwabta ba su gaji da ni ba tukuna."

Goggo ta san sun gaji. Ita ma Mai Ɗinkin ta sani.

Daga filin garejin Baƙin Mai muka wuce. Rumfar kwano ce mai rami a tsakiya, da benci guda wanda duk wanda ya zauna a kai sai ya tashi da tambari a zaninsa. Goggo ta shimfiɗa kwali ta zauna. Ba jini ɗaya suke da shi ba, amma sabo ya sa suke kiran juna yaya da ƙane.

"Ƙanena, ka kashe min mota."

"Yaya, ni? Wa ya shigo nan da ƙarfen a rungume kamar jariri?"

"Wa kuma ya ce min zai yi daɗin ji?"

"Ai kuwa yana da daɗin ji. Ki ce wallahi ba ki ji daɗinsa ba."

Goggo ta kau da kai. Baƙin Mai ya ɗauko wani ma'auni mai allura ya haɗa da ƙaramin tiyo a jikin injin. Ya ce wannan yana auna ƙarfin da inji ke zuƙar iska. A da allurar takan tsaya cak a sama, yanzu tana ƙasa tana rawa. Ya san haka ba daidai ba ne, amma takardar da ta zo da ƙarfen da harshen waje aka rubuta ta. Ni kuma na iya harshen, ban san inji ba. Na nemo bayanin masu ƙera shi a wayata, ina karantawa ina fassarawa, shi yana nuna min abin da kowace magana ke nufi a jikin motar. A haka muka haɗa zancen.

Manyan tozaye suna barin bawul a buɗe na tsawon lokaci, har ta kai ga na shiga da na fita su haɗu a buɗe tare na ɗan lokaci. In inji na gudu sosai wannan yana sa shi numfashi da kyau, shi ne ƙarfin da mai kaya ya faɗa. Amma a silo zuƙar takan yi rauni. Ƙwaƙwalwar motar kuma da ƙarfin zuƙar nan take gane nauyin da inji ke ɗauke da shi. Da ta ji zuƙa ta yi rauni sai ta ɗauka motar na hawan tudu da kaya, alhali tana tsaye, sai ta yi ta kwarara mai. Shi ne warin fetur, shi ne fulogai suka yi baƙi. Birkin ma da wannan zuƙar yake samun taimako. Ƙarfin da Goggo ta sayo yana nan, amma ya koma can sama, inda 'yar koyo ba ta zuwa.

Goggo ta juya makullin motar a yatsanta. Can ta ce, "Wato ɗan aji ɗaya ne da ya haddace karatu. Ka canza masa littafi, ya ci gaba da karanto maka na da."

"To a koya mata sabon littafin mana," in ji Baƙin Mai. "Ke 'yar boko, duba mana."

Na duba. Motocin baya-bayan nan ana iya sake wa ƙwaƙwalwarsu tsari, amma irin wannan a rufe take. Sai dai a ciro wani ɗan ɓangare a cikinta a musanya, kuma ba wanda muka sani da ya taɓa yi.

"To in ɗaga mata silo. Ba za ta ƙara mutuwa ba."

"Ta riƙa tsalle da matan mutane? Kana so in kwashe su a jikin katangar rumbu?"

Ya kawo shawarar a nemo na asali daga wata motar da aka kwance. Shi da kansa ya janye, ya ce ba mai iya sanin sauran kwanan tsohon tozo da ido. Abin da ya rage shi ne a sake zaɓen wani sabo, a wannan karon da ido buɗe.

A nan na ga Goggo malamar aji. Ta sa na buɗe duk waɗanda suka dace da injin a wayata, ta ce in karanto mata ɗaya bayan ɗaya. Na fara da lambobi, ta ɗaga hannu.

"Bar wa ƙanena lambobi. Ni ki gaya min, daga wane gudu yake fara aiki?"

Na farkon daga tsakiya yake farawa. Ta ce a wuce. Na biyun kuma an rubuta cewa yana da murya mai daɗi a silo. Baƙin Mai ya gyara tsayuwa, Goggo ta harare shi.

"Murya mai daɗi ita ce jijjigar nan ko? Wuce."

Wani kuma komai nasa ya yi, amma a ƙasa an ce sai an gyara kwamfuta. Ta ce shi ma ya bi sahu. A ƙarshe muka iso kan wani da ba a yi masa kirari ko kaɗan ba. Tozayensa sun ɗan fi na asali tsayi, amma ba sa daɗewa da bawul a buɗe, kuma an ba da tazara mai faɗi tsakanin na shiga da na fita don kada su daɗe a buɗe tare. An rubuta cewa yana ja tun daga silo, zuƙarsa na da ƙarfi, kuma yana tafiya da kwamfutar asali. Ta sa na maimaita wannan layin na ƙarshe. Ta sa Baƙin Mai ya gwada lambobinsa da na tsohon da ya cinye, ya ce kusan 'yan gida ɗaya ne.

"Amma Yaya, wannan ai ba shi da ko murya."

"Ni ke da murya a motar nan, ni ma na ajiye ta. Shi za a kawo."

Ranar da ƙarfen ya iso, Goggo ta fita da sassafe ita kaɗai kafin ta kai motar gareji. Mijinta na shan shayi a ƙofar gida lokacin da ta dawo. Ya dubi idanunta da suka yi ja, ya dubi ɗankwalin da ke kan kafaɗarta.

"Malama, ina aka je haka?"

"Gwajin birki."

"Ikon Allah. A da dai birki tsayar da mota yake yi."

Baƙin Mai ya yi aikin a natse. Ya canza har 'yan ƙarafan da tozayen ke turawa, ya ce tsofaffin za su cinye sabon ƙarfe. Ya zuba sabon mai, ya sa sabbin fulogai, ya cire kan batir na ɗan lokaci don ƙwaƙwalwar ta manta da abin da ta sha. Da ya tayar, ya riƙe injin a matsakaicin gudu har ya yi zafi, sannan ya sake shi. Ƙarar ta sauka ta kwanta. Allurar ma'aunin ta hau sama ta tsaya. 'Yar fitilar nan ba ta dawo ba.

"Kamar keken ɗinki," ya faɗa da ɗan takaici.

Goggo ta shiga ta gwada da ƙafar hagu kaɗai. Motar ta rarrafa ta fita daga rumfar. Ta yi ribas ta dawo, ta sake fita. Ba ta yabi kowa ba, ta dai ce in je in gaya wa Mai Ɗinki gobe da hantsi.

Mai Ɗinki ta zo da mijinta, don ba wanda za ta bar wa shi. Dogon mutum ne mai baƙin tabarau da sanda. Goggo ta buɗe masa ƙofar baya.

"Malam, a motar nan maza ba sa magana."

"Malama, ni da ba na ganin hanya, me zan ce?"

"Ku ne kuka fi surutu."

Ya zauna kusa da ni yana dariya ƙasa-ƙasa. Matarsa ba ta yi dariya ba. Ta cire takalmi ta jera su a gefe, ta kama sitiyari da hannu biyu har jijiyoyinta suka fito. Ta taka kuloci, ta sa giya.

"Ɗaga a hankali, 'yar'uwa. Ba mai jiranmu."

Ta fara ɗagawa daidai. Da ta ji motar ta ɗan motsa sai tsoro ya kama ta, ƙafar ta kuɓuce ta yi sama da sauri. Injin ya dusashe, na ji kujerar ta girgiza a ƙarƙashina, na ga yatsun Goggo sun matse birkin hannu. Sai ƙarar ta sake tasowa da kanta. Motar ta ci gaba da rarrafe a kan layukan filin, ta wuce wata tsohuwar ganga, ta nufi inuwar rumbun.

"Ba ta mutu ba," in ji Mai Ɗinki. "Malama, ba ta mutu ba."

"Na gani. Dubi gabanki. Karkata hagu kaɗan. Yauwa."

Mijin ya laluba ya dafa bayan kujerar direba. "Wai wa ke tuƙin nan?"

"An ce ka yi shiru," in ji matarsa. Sai a lokacin ta yi dariya.

Ta zagaya filin har Goggo ta ce ya isa. Mai Ɗinki ta ce a'a, sai ta ƙara. Daga baya ta koyi totur, ta koyi shatale-tale, ta kashe motar a danja ba sau ɗaya ba kamar kowa, amma lokacin ta riga ta san laifin ba na jininta ba ne, sai ta sake tayarwa. Yanzu tamfol ɗin nan a naɗe yake a bayan shagonta. Ranar asibiti nakan ga motarsu ta wuce, tana tafiya a natse, mutumin yana baya da sandarsa a tsakanin gwiwoyi.

Motar Goggo ta rasa wancan gudun. A babban titi tana yin iya yinta ta tsaya nan. Ni kuma har yanzu ina ganin wata rana wani abin zai sake cinyewa a cikinta, wanda ba za a sami madadinsa ba. In na faɗa, Goggo takan ce in bari ranar ta zo.

Kwanan baya ta aike ni ɗakinta in sauko mata da bargo daga saman kabad. Hannuna ya taɓa wani abu mai nauyi, dogo, naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Na kwance bakinsa, sai ga manyan tozayen nan suna sheƙi, an shafe su da mai tsaf. Na fito tsakar gida na same ta tana wanke alamar koyo da take mannawa a bayan mota.

"Goggo, ƙarfen da ya kusa rufe miki makaranta ne kika ajiye a kan kabad? Me za ki yi da shi?"

Ba ta ɗago ba. "Ranar da 'yar koyona ta ƙarshe ta karɓi lasisi, a ranar ƙanena zai mayar min da shi. Ke dai ki yi min addu'a gwiwar nan tawa ta kai ranar, kuma ki mayar min da shi yadda kika same shi."